Ƙudan da Ya Rasa Dangi

Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen neman gaskiya. Ta Farfesa Ilyasu a kan ƙuda ta ƙare.

Ƙudan ba na kasuwa ba ne. Mai gemu ne, yana zama kan dutse da rana tsaka, ya cafke ƙwari a sama ya tsotse su. Masana sun sa namijin a wani dangi, macen a wani, don ba sa kama. Farfesa ya ce abu ɗaya ne, kuma danginsu daban ne, ba a taɓa raɗa masa suna ba. Aka yi ta yi masa dariya cikin ladabi har ya tsufa, ɓarin jikinsa ya shanye. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ya ga an yarda kafin ya tafi.

Ɗalibarsa Lantana ta yi rani guda a kan dutsen da ke bayan garinsu, rana na gasa ta, har ta kama namiji da mace a haɗe. Ba don ita ba, babu hujja.

Jami'a ta shiga yajin aiki, rufin ɗakin bincike ya yoye, kiyashi suka cinye duk ƙwarin da aka adana. Wani ɗalibinsa, Gambo, shi ne ya tsallaka ta taga ya ɗauko akwatin ƙudan Lantana kafin kiyashin su kai gare shi, ya ajiye a ɗakinsa cikin kafur, har matarsa ta koma kwana a falo.

Ɗalibi na uku kuwa, Habila, ya feɗe wutsiyar namijin a ƙarƙashin madubin ƙara girma da tsinin allura, ya zana abin da ya gani. Zanen ne ya sa masana suka yi shiru. Ƙudan dai bai koma yadda yake ba.

Suka zo gaban gadon Farfesa su uku. A ƙa'ida ba a sa wa ƙuda sunan wanda ya bayyana shi, don haka ban da na Farfesa, kuma suna ɗaya ake so.

"Malam, na wa za a sa?" in ji Gambo.

Farfesa ya dube su, bakinsa ya ƙi motsi. Lantana ba ta gaya masa ba, amma ya ga farar ƙura a takalminta, ya gane: an fasa dutsen an yi tsakuwar titi, ba a sake ganin ƙudan ba. Da la'asar Farfesa ya cika.

To, jama'a, sunan wa ya fi cancanta a sa wa ƙudan da babu shi?