Kwandon Citta Biyu na Ungwan Layi

Akwai wani saurayi mai suna Yafet a Ungwan Layi, wani ɗan ƙauye da ke kusa da Kafanchan. Shekara tara ya yi yana aiki a jirgin kamun kifi, a gaɓar wata ƙasa da Turawa suka tashi suka bari ba tare da sun ce ga mai ita ba. Tun da ya dawo, bakinsa bai huta da siyasar duniya ba.

"Ƙasar da na zauna tana da tuta, tana da jama'a, amma ba ta da kujera a taron ƙasashe," yakan ce a teburin mai shayi. "Yau wata babbar ƙasa ta ce ta san da ita, gobe ta juya mata baya saboda kifi. Rashin iya wasa ne kawai."

Abin haushi, Ungwan Layi ma haka take. Tun da Bature ya shimfiɗa layin dogo ya ja iyaka ta tsakiyarta, hakimin gabas cewa yake ta na yamma ce, na yamma kuma ya ce ta na gabas ce. Ba mai unguwa, ba mai kiransu taro. In an raba taki, sai dai su ji labari.

Kwatsam wani kamfani ya zo ya auna dutsen bayan gari, ya ce akwai arziki a ciki. Cikin sati ɗaya hakiman biyu suka tuna da 'ya'yansu. Kowanne ya aiko cewa a kawo masa kwandon citta, zai naɗa musu mai unguwa nasu na kansu.

A al'adar wurin, wanda ka kai wa kwandon farko na sabuwar citta, shi ka amsa a matsayin uba. Kwandon farko kuwa ɗaya ne.

Bayan sujadar Lahadi aka zauna a coci. Mama Keziya, shugabar zumuntar mata, ta miƙe.

"Kada mu kai wa kowa tukuna. Mu kira su biyun su zo nan, su sa hannu a gabanmu cewa Ungwan Layi ɗaya ce. Shekara ɗari muka jira, wata uku ba zai kashe mu ba."

Yafet ya yi dariya. "Haba Mama, wannan ba rabon shinkafar Kirsimeti ba ne. A kai wa kowanne kwando, su yi ta rige-rige a kanmu. Ni na ga duniya."

Chibuike mai kemis, wanda kakansa direban jirgin ƙasa ne, ya ce, "Oga Ambasada, daga cikin ruwa ka gan ta. Kifi ka gani."

Aka tuntsire da dariya. Amma samari suka bi Yafet, don ya fi kowa Turanci. Ya cika kwando biyu, ya kai gabas ranar Talata, ya kai yamma ranar Alhamis. A gaban kowane hakimi ya durƙusa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, kai ne ubanmu."

Abin da Ambasada bai sani ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya: yana can kan teku, ɗan hakimin gabas ya auri 'yar hakimin yamma. Ranar miƙa jikansu ga Allah a coci, surukan suka zauna benci ɗaya.

"Suruki, Ungwan Layi sun kawo mini kwando."

"Kai ma?"

Ba su yi faɗa ba. Me zai sa manya su yi faɗa a kan ƙanana? Kafin a gama cin shinkafa sun gama rabo.

Takarda ta fito. Gabas da layi an haɗa su da wata unguwa, yamma da layi da wata. Dutsen kuma hakimai biyu za su kula da shi tare. Coci ta faɗa ɓangare ɗaya, maƙabarta ɗaya ɓangaren.

Yafet ya sa kwat ya tafi ofishin hakimin gabas. Magatakarda ya tare shi a ƙofa.

"Daga wace unguwa?"

"Ungwan Layi."

Magatakarda ya bi takarda da yatsa har ƙasa. "Babu ita a nan."

A yamma ma amsar ke nan.

Da la'asar Yafet ya iske Mama Keziya a tsakar gida tana tsaga citta don shanya. Ya durƙusa a gabanta. Ba tare da ta dube shi ba, ta tura masa wuƙa da ƙafa.

"Zauna ka tsaga. Ran Lahadi za mu fara bi gida-gida, gabas da yamma, kowa ya sa hannu a dawo mana da sunanmu. Yanzu kam shekaru zai ɗauka, wataƙila ni ba zan gani ba. Kai za ka riƙe biro. Bakinka kuma a rufe."

Darasi: Ƙaramin da ya ce zai haɗa manya biyu faɗa don ya ci riba, ya sani su sun fi kusa da juna, kuma shi za a raba. Ƙarfin ƙarami yana cikin haɗa kai da haƙuri da sauraron waɗanda suka zauna a gida lokacin da kake yawo. Ku tura wa duk wani Ambasada da ke unguwarku.