Tanar Roba a Gurbin Kada

An ce wai da reza ɗaya Sarkin Ruwan Tungar Maje ya hana a fasa jirgin Nomau masunci, aka kuma tashi daga shari'ar babu mai fara'a, har shi wanda aka wanke.

A garin akwai wani wuri mai zurfi da ake kira Gurbin Kada, wanda ba a jefa fatsa a cikinsa. Duk wanda ya jefa, a fasa jirginsa, a raba shi da ruwan har abada. Wata Laraba da hantsi, Barau mai gadin gurbin ya tsinci tanar roba maƙale a saiwar wata bishiya, da ƙugiya a cikinta. Koriya ce, wutsiyarta ja. Kowa ya san Nomau kaɗai ke yin wannan launi. Yakan narka roba, ya zuba a mazubi mai siffar tana, kifi ya gani ya haɗiye.

Aka taru a gindin tsamiya. Nomau na durƙushe, yana kallon abin da shi kansa zai iya rantsewa nasa ne.

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, ko makaho ya shafa wannan ya san ta Nomau ce. Me muke jira?"

Sarkin Ruwa ya ce, "Makaho ba ya shafa launi, Barau. Kai Nomau, yaya kake rina taka?"

"Sai ta huce nake tsoma ta a rini, Baba. Wutsiyar kuma in sake tsomawa a ja."

Sarkin Ruwa ya sa aka ciro ɗaya daga jakar Nomau. Ya sa reza ya yanka ta biyu, cikinta fari fat. Ya yanka wadda aka tsinta. Koriya ce har tsakiya, da wasu baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli.

Dattawa suka gane aikin nan take. Mutum ɗaya ne a garin yake zuba rini a roba tun tana kan wuta, ya barbaɗa dakakken kwalli don ta yi walƙiya a ruwa. Cindo ne, wanda ya koya wa Nomau launin amma ya hana shi sirrin. Shekara huɗu ke nan da ya nutse a gurbin, da jakarsa da mazubinsa, ba a ga gawarsa ba.

Barau ya ce, "To, tsohuwa ce ruwa ya taso da ita."

Sarkin Ruwa ya miƙa masa. "Sansana."

Tana ƙamshin man tafarnuwa da ake shafawa don jawo kifi, wanda ba ya kwana biyu a ruwa. Ƙugiyar babu tsatsa ko ɗigo.

Sarkin Ruwa ya ce, "An kawo mini ƙarar Nomau, na kuma ga ba hannunsa ba ne. Ya ɗauki jirginsa. Wanda ya yi wannan, ba ni da dogarin da zan aika ya kira shi. Barau, mayar da ita inda ka same ta."

Barau ya roƙi a haɗa shi da mutum biyu.

Masu hikima suka ce, ido shaidar fata yake bayarwa, alƙali kuwa sai ya yanka ya ga ciki, ko da abin da zai gani ya fi ƙarfin kotunsa.

Washegari aka duba saiwar. Guntaye biyun ba sa nan. Cikakkiyar tanar roba ce a wurin.