Baitin da Ba Ya Cikin Faifai

Akwai wata yarinya mai suna Afiniki da ta yi karatu a wata makarantar mishan a Kafanchan, wajen 1974. Allah ya ba ta murya, wannan ba gardama. In ta ja waƙa a majami'a ran Lahadi, har tsofaffin da ke gyangyaɗi a bencin baya sai sun farka. Matsalar ita ce ta san da haka.

Da aka kawo sabon malamin kiɗa, Malam Gilbert, ta ɗauka aji ya zama nata. Sai ya ajiye garmaho a kan tebur, ya ce shi sauraro ya zo koyarwa. In faifai na juyawa ba magana, ba bin waƙa, ba buga tebur. Ka kasa kunne, ka rubuta abin da ka ji. Wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen zango, shi zai jagoranci mawaƙa gaban iyaye ranar ba da kyaututtuka.

A makon nan Afiniki ta sa mamarta ta kai yadi wurin tela.

To amma akwai Emilia, 'yar manoma daga Madakiya, wadda in ta buɗe baki da waƙa sai ka tausaya mata. Sai dai kunne gare ta. Ta girma tana bin kakarta zumuntar mata a majami'a, ta san inda kiɗan tulu ke shiga da inda murya ke hutawa. Kowane mako tara bisa goma take samu, Afiniki kuwa shida. Abin ya tsaya wa Afiniki a wuya. Da Malam ya ce "Madalla, Emilia", ranar ko abincin rana ba ya mata daɗi.

Ranar jarrabawa ta yi sammako ta zauna a kujerar Emilia, dab da garmaho. Da Emilia ta iso, ta ce mata ai Malam ne ya ce a canza wuri. Ƙarya ce tsagwaronta. Kujerar da ta rage tana can baya, jikin tagar da ke kallon layin dogo. Emilia ta ɗauki bironta ta koma can.

Aka ɗora allura a kan faifai. Tun daga sautin farko Afiniki ta gane waƙar, ta majami'a ce da ta haddace tun tana firamare. Ta zube baiti huɗu a takarda, ba ta ƙara saurara ba. Sauran lokacin a waiwayen Emilia ya ƙare. Da jirgi ya zo wucewa yana busa, daɗi kamar ya kashe ta.

Bayan kwana biyu Malam ya karanta takardar Emilia a gaban aji: "Baiti na ɗaya da na biyu, mata ne da tulu. A na uku ba wanda ya yi waƙa, sarewa ce kawai. Na huɗu ban ji ba, jirgi ya wuce." Ya ce ita ce ta ɗaya.

Afiniki ta ɗaga hannu. "Malam, ni na rubuta duka huɗu. Ita fa ba ta gama ba."

"Har da baiti na uku?"

"Har da shi, Malam. Ba kuskure ko ɗaya."

"A ina kin ji shi? Ba ya cikin faifai." Ya miƙa mata takardarta. "Kin fi kowa kusa da garmaho, amma kunnenki yana can baya wurin taga."

Ranar kyaututtuka Afiniki ta sa sabuwar rigarta. Mamarta na zaune a bencin gaba. Afiniki kuwa tana layi na biyu cikin mawaƙa, idonta a kan hannun Emilia, tana jiran a ba ta izinin shiga waƙa.

Darasi: Mai hassada yakan shagala da kallon rabon wani har nasa ya wuce bai sani ba. Ka kula da aikin da ke gabanka, ka faɗi gaskiyar abin da ka sani ko da kaɗan ne. Ku tura wa ɗalibai da iyayen da kuka sani, wataƙila wani ya gyara.