Makullin Gidan Sama

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku, kuma ba za ta tashi ba sai kun yi mata shari'a.

Gabas da Kano, tafiyar rabin yini, akwai wani tsohon gida a kan dutse, mai ganuwa da soraye, wanda mutanen zamanin da suka gina don gudun mahara. Gidan Sama ake ce masa. Masu shi sun daɗe da saukowa, jemagu suka gaje sorayen, amma ƙofar tana nan da makullinta a hannun Baba Jatau, mai tsaronta, wanda ke zaune can sama kusa da ita. Al'adar gidan kuwa, makulli daga hannu mai rai yake shiga hannu mai rai. In mai riƙo ya cika bai damƙa wa ɗansa ba, shi ke nan, ya bar zuriyarsu.

Ɗansa Ilu tela ne a Kano. Wata Litinin da hantsi yana kan keke, ƙanwarsa Uwani ta kira shi: "Yaya, Baba ko ruwa ya daina karɓa. Ya dunƙule makullin, sunanka kawai yake kira." Ilu ya bar rigar mutane a ƙarƙashin allura ya fita, ko shago bai rufe ba.

Ya san motar ƙauyensu ran kasuwa kaɗai take tashi, Laraba, kuma bai taɓa bin wata hanya ba. Duk da haka ya je tasha, ya tsaya a inda motar ta saba lodi yana kallon fili. Barau, wani ɗan kamasho da ya yi furfura a tashar nan, ya ce, "Malam, motar Laraba kake jira tun yau? Da ka zo da tabarma." Da ya ji labari sai wasa ya bar fuskarsa. Ya ce akwai motar wani gari da ke wucewa ta mararraba mai rimi biyu. In ya sauka nan ya bi turba, zai tarar da kogi, dutsen kuma yana tsallake. Ita ke nan ta yau, ga ta can tana fita. Barau ya sheƙa da gudu, ya sha gabanta, ya dafa mata goshi.

Direba ya taka burki ya leƙo. "Barau, ka gaji da duniya ne?"

"Ɗauki mutumin nan, ko ka bi ta kaina!"

Amma mota ta cika, babu masaka tsinke. Barau ya faɗa wa fasinjoji halin da uban Ilu yake ciki. Kowa ya kau da kai, sai wata dattijuwa, Goggo Ladidi, wadda za ta sunan jikanta na fari da za a raɗa washegari da safe. Ta ce a sauke mata kayanta. Wata ta kusa da ita ta ce, "Haba Goggo, sunan fa?"

"Jaririn zuwansa ke nan, zai jira ni. Wancan tsohon shi ne mai tafiya." Ta dubi Ilu. "Shiga, ɗana, ka daina kallona."

Mota ta miƙa. Gero ya fid da kai hagu da dama, iska tana kwantar da shi tana tayarwa, Ilu bai ga komai ba sai hannun ubansa a dunƙule.

Bayan la'asar ya sauka a gindin rimi, ya isa kogi, ya tarar ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Mutane na zaune a gaɓa tun safe. Nomau mai fito ya ja kwalekwalensa tudu ya kife. Ya ce, "Yau ko wane ne sai ya kwana a nan." Ilu ya faɗi ɗan wanda yake, da abin da ke jiransa. Nomau ya daɗe yana duban ruwa.

"Ka iya iyo?"

"A'a."

"To ka iya zama? Zauna kamar buhu, kada ka ce za ka taimake ni."

A tsakiya gorar tura kwalekwale ta daina taɓa ƙasa. Ruwa ya juya su sau biyu, ya yi gangare da su har mutanen gaɓa suka fara salati. Nomau ya cafki reshen wata bishiya a gaɓar tsallake, ya riƙe har tafin hannunsa ya saluɓe, ya ce, "Fita."

Rana ta yi ja lokacin da Ilu ya gama hawan dutse. Ya sami uban da sauran numfashi. Tsoho ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, makulli ya shiga hannun Ilu da ɗuminsa. Ya ce, "Ka san sauran al'ada. Buɗewarka ta farko ta wanda ya kawo ka ce. Mutum ɗaya. Ka shayar da shi ruwan rijiyar gidan, ka yafa masa bargona." Ilu ya buɗe baki zai ce ai su uku ne, sai ya ji Uwani ta fasa kuka.

An yi addu'ar bakwai, baƙi sun watse, ƙofa tana rufe, domin ba ta buɗuwa sai an kira baƙonta. Ilu yana zaune a gindinta da bargo a cinya. Ba don Barau ba, da Laraba zai zo ya tarar da kabari. Ba don Goggo Ladidi ba, da sanin hanya bai amfane shi da komai ba, ita kuwa aka raɗa wa jikanta suna ba ta nan. Nomau ya sa ransa a ruwa, har yau da cokali yake cin tuwo.

Bargo ɗaya ne, kuma mamaci ya ce mutum ɗaya. To jama'a, wa Ilu zai buɗe wa ƙofar nan?