Biri Sarkin Feshi da Sauron Gora

An yi wani Biri a garin Gindin Kanya, shi ne sarkin feshi. Maganin sauro ɗaya ya sani, wanda ya gada wurin ubansa, kuma ya rantse babu na biyunsa. Duk damina sai ya goya famfo ya feshe ɗakunan dabbobi, 'yarsa Kyauta tana maƙale a wuyansa. In ya gama sai ya ɗauraye famfon a kududdufin bayan gari, wai tsutsar sauro ma ta ɗanɗana.

A garin akwai Malam Jemage, mai bincike. Shi kiwon sauro yake yi a gora, ya shafa magani a ciki, ya ga wa zai mutu wa zai tashi.

Wata rana ya sauko daga reshe ya tari Biri.

"Sarkin Feshi, ka daina ɗauraya a kududdufi. Sauron da nake ci yanzu ɗaci gare shi. Maganinka na jikinsa, amma yana yawonsa."

"To kashe tsutsa ma ya zama laifi?"

"Ruwan ɗauraya ba ya kashe duka. Ragwaye yake kwashewa, ya bar masu taurin rai su hayayyafa. Tankaɗe kake yi musu, ranka ya daɗe."

"Kai mai kallon duniya a kife, kai za ka koya mini aikin ubana?"

"Ara mini hannunka kawai. Sauron gorata ba su da cuta, amma sai da jini suke rayuwa, nawa kuwa bai cika cokali ba. In sun rayu zan gwada musu wasu magunguna kafin ruwa ya sauka."

Biri ya tuntsire da dariya. "Ni mai kashe sauro in shayar da sauro? Koma reshenka ka rataye."

Da sarki ya yi dariya, ai sai fada ta ɗauka. Ba dabbar da ta ba da hannu. Sauron gora suka mutu da yunwa, bincike ya tsaya. Ni dai ban ga abin da ya kai jahilcin mai muƙami ciwo ba.

Ruwa ya sauka. Biri ya feshe ɗakinsa har bango na ɗiga, ya naɗe gidan sauro ya jefa bayan rumbu. "Gidan sauro a ɗakin Sarkin Feshi? Me gari zai ce?"

Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kama Kyauta, jiki kamar garwashi.

"Baba, ka ce ka kashe su," in ji ta. "Ga su nan suna kuka a kunnena."

Ya ɗaga kai. Ga sauro zaune daram a kan bangon da ya feshe, ciki ja wur.

Kafin maganin zazzaɓi ya kama jikinta, rai ya yi halinsa.

Da aka tashi zaman makoki, Biri ya nufi gindin kanya wurin Jemage, wutsiya na jan ƙasa.

"Malam, akwai sauro a gorar?"

"Na sake ɗebo tsutsa, sun ƙyanƙyashe. Allah ya ba ka haƙuri, Sarki."

Biri ya tura hannu cikin gora.

"Zai yi ƙaiƙayi fa."

"Bari ya yi."

Da jinin Biri Jemage ya gano maganin da sauron bai saba da shi ba. Aka koma sauya magani duk shekara, ana ɗauraya a rami, kowa ya kafa gidan sauro. Daminar da ta biyo baya yaran gari suka tsira.

Har yau Biri na goya famfo, hannu duk kumburi. Wani lokaci yakan mance, ya kai hannu wuya don ya gyara wa Kyauta zama, sai ya taɓo igiyar famfo.

Darasin wannan labari shi ne, abin da ya yi wa ubanka aiki ba dole ya yi maka ba, don abokin gaba ma yana sauyawa. In mai bincike ya zo da magana mai ɗaci, ku saurara tun da sauran lokaci, yara, don nadama ba ta tayar da wanda ya tafi.