Ƙarar da Kafinta Ya Kai Ƙaninsa

Akwai wani kafinta da ya daɗe da shago a bakin titi. Hannunsa yana da kyau, wannan kowa ya shaida. Wuta ce kawai take karya shi. A kawo da safe, kafin ya gama yanka katako an ɗauke, inji ya tsaya, shi kuma ya zauna yana korar ƙuda.

Yana da ƙani, autan gidansu, wanda shan inna ta taɓa wa ƙafafu tun yana ƙarami. Da sanduna yake tafiya. A shagon yayan nasa ya tashi, kullum yana kusurwa yana yanka soso yana ɗinka rigar kujera, har ya ƙware. Kafinta yakan ce wa abokai cikin raha, "Ni nake riƙe da Auta. Ba don ni ba, da yanzu yana bakin danja yana miƙa hannu."

Ana nan sai gwamnati ta buɗe wani yanki na musamman na masana'antu a bayan gari. A can ba a ɗauke wuta, an yafe wa masu sana'a haraji na wasu shekaru, sannan aka ware rumfuna domin masu naƙasa da matan da mazajensu suka rasu. Su biyun duka suka nema. Auta ya samu, Kafinta bai samu ba.

Ranar da labari ya iso gida, mahaifiyarsu har da hawayen murna. Kafinta ya ce "Barka" a fatar baki, ya ture kwanon abincinsa ya fita.

Da ya daure ya je ganin rumfar, abin ya ƙara ɓata masa rai. Ga fanka tana juyawa, ga sabon keken ɗinki mai amfani da wuta, ga tebur da aka rage wa tsawo daidai zaman Auta. Mata biyu suna yi masa aiki, suna ce masa Oga.

"Yaya, zauna nan ka gwada wannan kushin," in ji Auta, bakinsa har kunne.

Kafinta ya zauna kamar a kan ƙaya.

A gida matarsa ta lura da shi. Ta ce, "Maigida, ƙaninka ne fa. In ya samu, ai gidan ne ya samu."

"Ke, rufe min baki! Ni na koya masa riƙe almakashi. Yanzu don ƙafa ta shanye sai a ba shi abin da aka hana mai lafiya?"

Abin ya yi ta cin sa, har wata safiya ya sa rigarsa mai kyau ya nufi ofishin da ke kula da yankin. Ya ce wa jami'in, "Rumfar nan ba tasa ba ce. Wani ɗan kasuwa ne ya laɓe a bayansa don ya kauce wa haraji."

Jami'in ya dube shi da kyau. "Ka tabbata? Wannan ba ƙaramar magana ba ce."

"Ciki ɗaya muka fito da shi. Wa zai fi ni sani?"

Aka sa wa rumfar kwaɗo har sai an gama bincike. Makonni suka wuce Auta yana zaman gida, ma'aikatansa suna zarya. Daga ƙarshe ba a sami komai ba, aka buɗe masa.

Wata rana da tsakar rana sai ga Auta a ƙofar shagon Kafinta, ya yi sharkaf da gumi. Ya jingina sandunansa da bango, ya zauna a kan benci.

"Yaya, haƙuri na zo ba ka."

Kafinta ya dakata da aiki. "Haƙurin me?"

"Akwai wani kamfani a yankinmu da zai buɗe sababbin ofisoshi, suna son kujeru da tebura masu yawa. Na ce musu ni soso da ɗinki na iya, aikin katako kuwa sai yayana, duk garin nan babu kamarsa. Sun yarda, har sun ce ka zo ka yi aikin a can da wutarsu. Na yi shiru ne don in ba ka mamaki. Da aka rufe rumfar suka ce ba za su iya jira ba, suka ba wasu."

Ya share fuska da gefen rigarsa. "Ban san wanda ya ƙulla min wannan sharrin ba. Ni nawa da sauƙi. Kai nake ji wa."

Gudumar da ke hannun Kafinta ta suɓuce ta faɗi. Ya so ya yi shiru, bakin ya ƙi.

"Auta, ni ne. Ni na je ofishin."

Auta ya dube shi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Me na yi maka, Yaya?"

Kafinta ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa daga ƙasa.

Mahaifiyarsu ta shiga tsakani, Auta ya ce ya yafe, kuma bai daina zuwa gaishe da yayansa ba. Amma da wani babban aiki ya sake samuwa, sai Auta ya kira wani kafinta daban. Da tsohuwa ta yi masa magana sai ya ce, "Wallahi na yafe masa, Inna. Gabana ne dai har yanzu yake faɗuwa."

Kafinta yana tsaye a ƙofar shagonsa ranar da motar kamfanin ta wuce, an loda ta da sababbin kujeru har sama. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya koma ciki.

Darasi: In an tallafa wa wanda ya fi ka rauni, ba rabonka aka ƙwace ba, kuma wataƙila ta hannunsa naka zai zo. Hassada kan sa mutum ya ɓata alherin da ake shirya masa bai sani ba, kuma ko an yafe masa, yarda ba ta dawowa da sauƙi. Ku tura wa 'yan uwa da abokan sana'a, ko wani zai tsaya ya yi tunani kafin ya kai ƙarar ɗan uwansa.