Ƙasar da Ta Ɓuya wa Hanya

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda ya gaji da yaƙi da maƙwabcinsa, har ya yi niyyar yanka masa wani yanki na ƙasarsa don a yi sulhu. Ya tambayi Waziri Mamuda wane yanki ne ba za a yi kewarsa ba.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba shi Shimfiɗa. Na ratsa ta da kaina. Ba tudu, ba kwari, ba inuwar da mutum zai raɓa. Dokina ma hamma ya yi ta yi."

Fada ta kwashe da dariya, har da waɗanda ba su taɓa fita ƙofar gari ba.

An ce a wurin akwai wani attajiri, Madugu Barau, haifaffen Shimfiɗa. Shi bai yi dariya ba, domin ya san in maƙwabcin nan ya karɓi ƙasar, bayi zai mayar da mutanenta. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a bar shi da sarki da waziri kaɗai.

Da aka watse ya ce, "Ranka ya daɗe, waziri bai yi ƙarya ba, abin da muka nuna masa ya gani. A zamanin kakanninmu mahara sun hana mu sakat. Sai wata tsohuwa ta ce wa dattawa, tunda abin da suka hango suke biyowa, a daina bari suna hangowa. Aka ɗauke hanyar fatake aka ɗora ta kan doron fako, aka sare duk itacen da ke kusa da ita, jama'a suka gangara cikin kwaruruka. Ƙasarmu ba ta tashi sama, ciki take nitsewa. Har gobe in tsamiya ta tsiro a bakin hanya, tumɓuke ta muke yi. Kuma duk ɗanmu da zai fita fatauci sai an rantsar da shi kada ya tona wannan asiri. Yau na karya rantsuwata, wallahi raina ba daɗi."

Sarki ya sa aka ɗaura sirdi, suka fita su uku. Suka bi hanya har gajiya ta kama su, sa'an nan Madugu ya ratse. Ba su yi nisa ba sai ga kawunan giginyu a ƙarƙashin ƙafafun dawakinsu, ga rafi yana gudu, ga rake da albasa kore shar, mata suna wanki.

Waziri ya ce, "Ashe hanya na gani, ban ga ƙasa ba."

Wani dattijo, wan Madugu, ya taso daga lambu. Bai dubi sarki ba. Ya ce, "Barau, kai ne da kawo baƙi?" Madugu ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa.

Sarki ya sauka daga doki ya ce, "Baba, kada ka la'ance shi. Da ya riƙe rantsuwarsa, da na ba da ku kyauta ban san abin da na bayar ba."

An ce da suka koma, sarki ya aika wa maƙwabcinsa da dawaki da riguna, ya ce kunya ba za ta bar shi ya ba ɗan'uwansa busasshen fako ba. Ya naɗa Madugu hakimin Shimfiɗa, da sharaɗin kada a dasa ko da ice ɗaya a bakin hanyar.

Masu hikima suka ce, wanda ya yanke wa ƙasa hukunci daga kan sirdi, sai ya fara tambayar wa ya shata hanyar da ya biyo, da kuma abin da ya sa.